Hurar da ta maido ni Illela

Zuwa ga ƙanena Mamman, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina kasuwa? Yaya Hajiya da yara, yaya ƙafar taka? Mu nan Illela lafiya lau, ruwa ya sauka.

Ka san jinin da nake gani a bayan gida, irin wanda ya tafi da yayanmu Isa. Ɗiyata Rabi ta kai ni asibiti Yamai. Lokotoro ya ce sai an zura wata roba mai ido a leƙa hanjina, ko ciwon daji ne, amma shekaruna yake tsoro. Na ce, "Yaro, ina noma tun ba a haifi ubanka ba. Zura!"

Ya ce kwana guda ba ci, sai ruwa da maganin wankin ciki. Da safe na sha hurata, don ni ban taɓa lissafa hura cikin abinci ba. Da ya leƙa, gero kawai ya gani, ya ce sai mu sake dawowa. Rabi ta yi ta faɗa har gida. Laifin lokotoro ne, bai ambaci hura ba.

Karo na biyu ko ƙwarya ban kalla ba. Suka tarar da ɗan tsiro, suka cire, suka auna. Ba daji ba ne, alhamdulillahi.

Kai da ka aiko wai in haƙura, tsoho ya jira lokacinsa, to jiya da hannuna na yi shuka. Ka sa ni a addu'a, ka gaida Hajiya.

Yayanka,
Abdu