Layi Ukun Da Na Saka A Kwamfutar Ƙanina

Assalamu alaikum admin da masu karatu. A ɓoye sunana don Allah, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni, na riga na zagi kaina.

Ni mai haɗa manhajar waya ne daga Kiru. Akwai ɗan ƙanin babana, zan kira shi Sadi, ni na koya masa aikin tun bai san inda ake kunna kwamfuta ba. Bara wata ƙungiyar makiyaya a Tudun Wada ta ɗauke mu mu yi manhajar da za ta riƙa tuna musu allurar rigakafin shanu. Sadi ya kawo tsarin da masu haɗa gem, wato wasannin kwamfuta, ke amfani da shi: kowace saniya lamba ce kawai, sai a rataya mata bayanai, mai ita, shekarunta, allurarta, wani sashe kuma yana bi yana cire allurar da wa'adinta ya ƙare. Fuskar manhajar, wato abin da ake gani a waya, ba a gyara ta da hannu, ita ke sake zana kanta in bayani ya canza, amma sai canjin ya bi ta ƙofa ɗaya da ya tanada. Na yi masa dariya, na ce, "Shanun mutane ne gem?" Ya ce, "Yaya, bari dai mu gwada." Abu ya yi kyau, ko a tsohuwar waya gudu yake. Ranar taron ƙaddamar da manhajar shugaban ƙungiya ya dafa kafaɗar Sadi yana sa masa albarka, ni kuwa aka ce in matsa in ɗauke su hoto. Ni fa! Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Wata azahar ya tafi masallaci ya bar kwamfutarsa a buɗe. Na saka layi uku a cikin rubutun manhajar da suka zagaye ƙofar nan, ta yadda wa'adin allura zai ƙare amma fuskar ba za ta ji labari ba, saniya na nan da alamarta kore. Me nake nema? Ya ɗan ji kunya kawai, a kira ni in gyara. Na ɗauka cikin sati za a gane. Wa zai gane, tunda kore na nufin lafiya? Sai da damina ta shiga, ciwo ya faɗa garken wani dattijo a Doguwa wanda ya yarda da wayar bai kai shanunsa allura ba. Uku suka mutu.

Sadi ya hau babur ya je har rugar dattijon ya durƙusa ya ba da haƙuri. Jiya ya same ni a zaure, idonsa ja, ya juyo min kwamfutar. Ya gano layukan, kuma sunansa ne a kansu tunda da kwamfutarsa na rubuta. Ya ce, "Yaya, da na ji maganarka tun farko. Ban ma tuna sanda na rubuta wannan ba. Ashe ban iya ba." Ranar Juma'a zai ajiye aikin, kuma ya roƙi shugaban a damƙa min shi.

Abin da na so ke nan, ga shi ya zo, amma na kasa haɗa ido da shi. In na faɗa, zumuncin gidanmu ya watse. In na yi shiru, zai rayu yana zaton shi ya kashe shanun nan. Saura kwana biyu. Jama'a, me zan yi?