Ki Dawo Jos, Loyis

Nasarawa Gwom, Jos
Laraba, 21 ga Agusta

Zuwa ga Loyis 'yar Baba Dung, sanyin idona, ruwan farkon daminata, muryar da nake ji ko da guduma goma na bugawa a shago,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ni ne Hezekiya naki, kafintan da kika ce zai iya daidaita ƙafar kowane tebur amma ya kasa daidaita jimla ɗaya ta Turanci. Shi ya sa nake rubuto miki da Hausa, harshen da muke addu'a da shi, wanda da shi ne na fara gaya miki ina sonki. Tun da masu tsare da ke suka karɓe wayarki ba ni da wata hanya sai takarda. Anti Felicitas, mai shagon kayan jarirai a kasuwar Taminus, za ta koma ƙasar da kike sarin kaya ranar Litinin, ta kuma yi mini alkawarin za ta sake zuwa gidan da ake tsare da ke, ta sa wannan wasiƙa a hannunki.

Saƙonki ya iso. Anti ta same ni ina goge katako, ta zauna a kan benci, ta kwance bakin zaninta, ta ciro zoben da na sa miki da 'yar takarda mai layi uku. Kin rubuta: “Hezekiya, kada ka jira ni. Ba zan iya shiga Jos da sunan wadda aka koro ba. Ka nemi wadda ba ta jawo wa gidansu kunya ba.” Ta kuma gaya mini cewa takardar dawowarki gida tana gabanki mako shida ke nan, sa hannu kaɗai ya rage, amma kin ƙi.

Loyis, farin watana, wa zan nema? A ina ake samun irinki? Idan duwatsun Shere suka tashi suka bar garin nan, da me za a cike gurbinsu? Ke ce iskar safiyar Jos, wadda take shiga ƙirji ta wartsake shi. Ke ce gonar acca idan ta nuna tana rausaya. Tun da kika tafi, wata goma sha ɗaya yau, majami'a ta cika da mutane amma layin mawaƙa fayau nake ganinsa, don wurin da kike tsayawa, na uku daga hagu, wata ce yanzu a ciki, kuma muryarta ba ta kai inda taki take kaiwa.

Kin tuna Lahadin nan da muka tafi Naraguta bayan an tashi sujada? Muka zauna a bakin kududdufin da masu haƙar kuza suka bari, ruwan ya yi kore shar, bai ko motsi, manoma na ban ruwa ga kabeji da karas a ɗaya gefen. Ina ta juya maganar aure a bakina na kasa fitar da ita. Sai hadari ya taso ba sallama, ƙanƙara ta fara zuba. Muka ruga cikin wata rumfar ciyawa, kika cire ɗankwalinki kika tara ƙanƙarar a ciki, kina dariya kamar yarinya, kika sa mini guda a baki kika ce, “To, yanzu bakin ya yi sanyi, faɗi abin da ka kawo ni ka faɗa.” Na faɗa. Kika ce kin yarda tun bara, ni ne kawai na makara. A wannan rumfar kuma kika gaya mini burinki: shekara takwas kina koyar da Turanci a ajin da rufinsa ke yoyo, kina so ko sau ɗaya ki tsaya a ajin da ba sai an matsar da benci ba idan ruwa ya sauko, ki kuma gyara wa Baba da Mama ɗakinsu kafin ki koma nawa.

Wannan maganar taki ce na riƙe a zuciya, ita ce kuma ta kai ni ga laifin da zan faɗa miki yanzu.

Kin san ni ne na fara ganin allon dillalan aikin nan a saman bene, mai hoton jirgi da yara fararen fata suna ɗaga hannu. Ni na karɓo katinsu, ni na raka ki gaban Ogan nan mai farin gilashi da tattausar murya, wanda ya ce makarantun can suna neman malaman Turanci ruwa a jallo, da gidan zama, da bizar aiki, da tikitin dawowa hutu kowace shekara. Abin da ba ki sani ba shi ne, saura kwana tara ki tafi, Natana'el mai walda ya tsayar da ni a bakin shagonsa. Ya ce, “Hezekiya, ƙanwar matata ta bi ta hannun mutanen nan. Bizar 'yan yawon buɗe ido suka ba ta, suka ce za a canja a can. Har yau ba a canja ba. Ka duba fasfon yarinyar nan da kyau.” Na zo gidanku da niyyar in gaya miki. Na same ki a tsakar gida kina gwada rigar sanyin da Mama ta saƙa miki, kina juyi, Baba yana tafa miki. Ban taɓa ganin fuskarki da haske irin na ranar ba. Sai na haɗiye maganar. Na ce wa kaina Natana'el mai yawan tsoro ne, na ce abin da ya sami wata ba lalle ya same ki ba. Na zaɓi murmushinki na kwana tara, na sayar da ke da shi.

Anti Felicitas ta ba ni labarin sauran, abin da kika riƙa ɓoye mini lokacin da muke waya kina cewa komai lafiya. Yadda ejan ɗin dillalan, wato wakilinsu na can, ya karɓi fasfonki tun a filin jirgi wai zai kai a buga biza. Yadda takardar yarjejeniyar da aka miƙo miki ta bambanta da wadda kika sa wa hannu a Jos, kuma da harshen da ba kya karantawa. Yadda suka ce ki gaya wa iyayen yara ke 'yar Amurka ce, sunanki ma suka canja, kika ƙi, suka mai da ke wata makaranta a bayan gari, daga can zuwa wata, kamar buhun dankali ana sauke shi kasuwa-kasuwa. Yadda albashinki yake bi ta hannunsu ya fito ba kamanni. Da ranar da jami'ai suka shigo ajinki kina tsakiyar koya wa yara waƙar haruffa, suka tambayi takardunki, aka kira ejan ɗin a waya, ya ce bai taɓa jin sunanki ba. Anti ta ce wata yarinya 'yar shekara biyar ta riƙe gefen siket ɗinki tana kuka har bakin mota. Wayyo Loyis! Ko a can ma yara sun gane abin da Allah ya ba su.

Na koma benen nan ranar da labarin kama ki ya zo. An cire allon, an yi sabon fenti, wani tela ne a ciki. Ya ce shi ma mutane sun dame shi da zuwa suna kuka a ƙofarsa. Na kai ƙara, na bi duk inda aka ce in bi, an rubuta sunana an ce a saurara. To gaya mini, ƙaunatacciyata, a cikin wannan duka ina kunyarki take? Ke da kika ƙi yin ƙarya a kan sunan mahaifinki da ƙasarki? Idan akwai mai sunkuyar da kai a titin Nasarawa Gwom, ni ne, da mutumin nan mai farin gilashi duk inda yake.

Yanzu ki zauna idan a tsaye kike. Mama ta roƙe ni kada in rubuta wannan, ta ce a bari sai kin iso. Na ba ta haƙuri na ce na taɓa ɓoye miki gaskiya don ina tausayinki, mun ga abin da ya haifar.

Baba ya rasu ranar biyu ga watan nan, da hantsi, a gida. Ciwon ƙirjin nan ne ya tashi, bai yi kwana huɗu a kwance ba. Kada ki ce ke kika kashe shi; likita ya ce zuciyar ta daɗe da gajiya, kin kuma san tun kafin ki tafi yake haki idan ya hau tudun gona. Ina gefensa. Na faɗa masa maganar Natana'el, don ban so ya tafi yana ganina da fuskar da ba tawa ba. Ya kama hannuna ya ce, “Ɗana, ka yi kuskure. Amma ba ni za ka gaya wa ba, ita za ka gaya wa. Ka ce mata ban aike ta neman rufin kwano ba. Ta dawo ko da rigar jikinta ce kawai.” Bai ambaci kunya ba ko sau ɗaya. Sunanki ne a bakinsa, yana tambaya ko suna ba ki abinci mai zafi.

Ni na yi masa akwati. Ban yarda a sayo na kasuwa ba. Katakon maɗacin nan da na ajiye a bayan shago, wanda kika shafa da hannunki kika ce shi kike so a yi mana gadon aure da shi, shi na sauko da shi. Na auna, na yanka, na goge shi har ina ganin fuskata a jiki, hawaye na ɗiga ina sharewa da tsumma don kada ya ɓata shi. Ban nemi izininki ba, ki gafarce ni. Na ga babu wani katako a Jos da ya cancanci mutumin da ya haife ki sai shi. Ranar jana'iza matan zumunta na majami'a sun yi waƙar da kike ja musu, da suka zo baitinki sai suka yi shiru, babu wadda ta iya ɗauka, fasto ya bari shirun ya wuce kafin ya ci gaba.

Mama tana nan. Ta rame, amma tana cin abinci idan na zauna tare da ita. Kullum da yamma nakan rufe shago in je in sha gwate a wurinta. Ba ta bari a taɓa ɗakinki. Duk keken hayar da ya tsaya a ƙofar gida sai ta ɗaga labule.

Ina roƙonki, hasken gidan Dung, kurciyata da aka rufe a kejin baƙi, ki sa hannu a takardar nan. Ki bar musu fasfon, ki bar musu abin da suka cinye, Allah yana gani. Kada ki ƙara kwana ɗaya a bayan waccan ƙofa saboda tsoron bakin mutanen unguwa. Za su yi magana, na sani. Za su yi ta mako biyu, ranar da farashin tumatir ya tashi su manta. Idan kin dawo kika ga ba za ki iya kallon fuskata ba saboda abin da na ɓoye miki, ba zan yi gardama ba, hakkinki ne. Ki ƙi ni a Jos, kina shaƙar iskar garinku, kina zaune kusa da mahaifiyarki. Wannan ya fi mini sauƙi sau dubu a kan ki so ni daga inda ba na iya kai miki ko kofin ruwa.

Ban mayar da zoben cikin wasiƙar nan ba, don kada ki ga kamar ina ɗaure ki da shi. Yana wurin Mama. Amma ki sani ba zan nemi wata ba, bana ko baɗi, ko gashina ya yi fari fat. Ranar da Anti ta bugo ta ce kin hau jirgi, zan kama motar farko zuwa Abuja in tsaya a ƙofar fitowa. Idan ba kya son magana, ba sai kin ce komai ba. Ki miƙo mini jakarki kawai, in kawo ki gida, mu je ki ga inda muka kwantar da Baba.

Naki, a yau da duk ranakun da Ubangiji ya rage mini,

Hezekiya