Ramin da Muka Ce Ya Rufta

Zuwa ga ƙanwata Dulcie,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki can Darwin. Yaya ƙafar? 'Yarki Lorna ta ce mini likita ya hana ki gishiri, kin ce masa shi ya bari in yana so. Na ji daɗi, na san ke ce dai. Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mana ke. Ni nan ba laifi, sai gwiwa da kullum take ce mini za a yi ruwa, ruwan kuma ba ya zuwa. Sun karɓe lasisin tuƙina, wai idona ya yi rauni, don haka maƙwabcina Merv ne ke kai ni kasuwa yanzu, yana cika mini kunne da labarin tumakinsa. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san karatuna bai wuce inda Mama ta tsaya da ni a teburin girki ba.

Tun shekarar babbar gobara, ta talatin da tara, wadda ta cinye injin katako na Kinnear lokacin ina ɗan shekara tara kina 'yar shida, ban taɓa ɗago miki maganar Ramin ba. Yau zan ɗago, kuma ba don ina so ba. Ramin nan da su Baba suka haƙa a cikin tudu bayan injin, suka tokare shi da katako, suka karkata ƙofarsa don kada wuta ta leƙo, yana nan yadda kika bar shi. Har yau kowace shekara kafin Kirsimeti mutanen garinmu Tarrabin kan hau, mu share ƙofar, mu kori macizai, mu canja katakon da ya ruɓe, mu cika duro da ruwa, mu rataye bargunan ulu. Mata su gasa burodi a garwashi, a dafa shayi a gwangwani, ni kuma in kira sunayen waɗanda ba su kai ƙofar ba a ranar. Ba wanda ya naɗa ni. Sauran masu tunawa ne suka ƙare.

To, hukumar gandun daji ta sa tudun a gwanjo. Wani kamfani da ko hanyar garin bai sani ba ya saye itatuwan, itatuwan turaren nan da suka tsiro a kan tokar gidanmu. Na hau makon jiya na tarar an ɗaure musu ƙyallayen leda ruwan hoda, kamar za a kai su biki. Filin da za su tara gumagumai su loda wa motoci kuwa, a kan rufin Ramin suka zana shi. In katafila ɗaya ta taka wurin, shi ke nan.

Suka kira mu taro a zauren gari, suka kawo biskit. Wata jami'a, Malama Varga, mai takalmin daji da bai taɓa ganin laka ba, ta haska taswira a bango mai launi kamar zanen gado. Ta ce sarewar ma kariya ce gare mu, za ta zama shingen tare wuta. Merv ya ce ashe in aka aske wa mutum kai, an kare shi daga ciwon kai ke nan. Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce shirinsu na gobara shi ne kowa ya bar gari da wuri, za a turo mana saƙo a waya. Na tambaye ta wace waya, tunda sai mutum ya hau rufin kejin kaji yake samun layi. Na tambaye ta wace hanya, tunda ɗaya ce tak, kuma itace guda ya faɗi ta toshe. Ta ce ana nazari a kai. Wutar da na sani, in iskar arewa ta taso, ba ta jiran a gama nazari. Na ce mata ni da ba ni da mota, da gwauruwar nan Misis Doolan, da duk wanda wuta ta rutsa da shi, ba mu da wurin zuwa sai Ramin.

A nan ne, Dulcie, ta kama ni. Ta ce babu wani rami a tudun. Ta ce a wurinsu ya rufta tun tuni, kuma mutanen garin nan ne da bakinsu suka faɗa. Merv ya shiga duban hularsa. Kin riga kin yi aure kin tafi lokacin, bari in gaya miki. Shekarun baya hukumar ta bi duwatsun nan tana rusa ramukan tsira, wai kada su faɗo wa wani a kai hukumar ƙara. Da muka ji suna tafe, sai muka haɗa baki, gari guda, har limamin coci. Mahaifin Merv ya ja mutuminsu zuwa wani tsohon ramin haƙar zinariya da ya burma, ya cire hula, ya ce ga abin da ya rage. Mutumin ya yi mana jaje ya tafi. Muka bar ƙaya ta rufe hanyar. Aka share Ramin daga taswira, muka sha giya a kan haka. Ban yi nadama ba, da ba mu yi ba da yanzu babu abin da za a yi gardama a kai. Amma abin da muka ɓoye wa masu rusawa, ga shi ya ɓoye wa masu sayarwa.

Na ce ta zo in nuna mata. Ta zo kuwa, a nan kam ta yi ƙoƙari. Ta sunkuya ta shiga, ta daɗe a ciki, ta fito da yanar gizo a gashi. Na zaci an gama. Sai ta ce ta ga rami, amma rami kawai ba ya tsayar da ciniki, sai an tabbatar shi ne na talatin da tara, a sa shi cikin wuraren tarihi. Suna son shaidar wanda ya shiga cikinsa a ranar. Na buga ƙirji na ce ga ni. Ta ce, cikin ladabinta mai ƙona rai, ina cikin waɗanda suka rantse ya rufta, maganata ta riga ta ci karo da kanta. Kin ji fa. Wurin da na yi shekara da shekaru ina sharewa, wai bakina bai isa a kansa ba.

Mu biyu muka rage, ƙanwata, kuma ke ba ki yi ƙaryar ba. Ta ce ba sai kin zo ba, za ta kira ki a waya ranar Litinin ta sama, kafin katafila ta hau. Na san abin da nake nema. Na san ba ki taɓa barin bargon ulu ya shiga gidanki ba, kuma ba zafin Darwin ne dalili ba. Ni Mama ta kifa fuskata a ƙasa, ban ga komai ba, ji kawai na yi. Ke ce kike fuskantar ƙofa. Ke kika ga maza suna karɓa-karɓa wajen riƙe jiƙaƙƙen bargo a bakin Ramin, kowa ya riƙe har ya kasa ya faɗi, kika ga Baba ya karɓa bai sake ba wa kowa ba. Ke kika ga hannuwansa da aka fito da gawarsa. Ko mijinki Len, Allah ya ji ƙansa, ba ki gaya masa ba, ga shi ina cewa ki gaya wa baƙuwa mai riƙe da biro. Ba su cancanci su ji ba, ko kalma ɗaya. Amma su ke da katafila. In kin ɗauki wayar, kin ɗauka. In ba ki ɗauka ba, ke ƙanwata ce jiya, ke ce gobe, kuma ba zan sake tayar da zancen ba.

Ki gaishe mini da Lorna da mijinta Desmond, da su Petra da ƙaramin nan Angus mai kunnuwan Baba. Merv yana gaisuwa, Misis Doolan ma, ta ce har yau ba ki mayar mata da kwanonta na gasa nama ba.

Gobe da sassafe Merv zai ɗora ni a bayan tarakta mu hau. Zan cika duro, in rataye barguna, in kira sunayen kamar kullum, Baba a ƙarshe, shi da ya kai ƙofar bai bar ta ba. Ƙyallayensu kuwa na riga na kwance na kusa da ƙofar. Tumatirina na neman abin ɗauri, kuma leda ce mai ƙwari, wannan kam na yaba musu.

Yayanki,
Clarrie