Aro Na Ba Ka, Dalhatu

Dalhatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi. Ka gaida mutanen Anka. Ni lafiya lau nan Alƙahira, sai tarin da ya ƙi barina, amma kada ka faɗa mata.

Na ga saƙonka. Wai ka kai kwamfutata Gummi an cire faifan ajiyarta an sa sabo mai sauri, wai SSD, an mayar da tsohon Windows don firintar shagonka ta yi aiki. Yanzu nan da nan take buɗewa. Sannu, injiniya!

Aro na ba ka, ba kyauta ba. Wa ya ce ka bar wa mai gyaran tsohon faifan a matsayin tukuici? Muryar marigayi Baba tana ciki, ranar da ya zaunar da mu yana ba mu labarin kakanninmu na Gwashi. Babu ta ko'ina sai can.

Gobe ka hau babur ka karɓo faifan. In an riga an goge, kada ka kira ni. Ka je ka gaya wa Inna da bakinka, don na yi mata alkawarin za ta sake jin muryarsa in na dawo.

Allah ya shirye ka.

Yayarka,
Zinatu