Ina Ka Je Ranar Laraba?

Madaki, Gombe
Watan Afrilu

Ƙanena Jesse,

Gaisuwa cikin sunan Yesu, da fatan kana lafiya, in dai ana samun lafiya a gadirum, inda suka tsare ka. Abokinka Dalhatu ya ce an karɓe wayarka amma ana barinka ka karɓi takarda. Shi ya sa na zauna da biro bayan na taso daga makaranta. Zan ɗauki hotonta in tura masa, shi kuma ya buga ya kai maka.

Ga abin da ya gaya mini, ka gyara in da kuskure. Ranar Laraba an sa ka gadin wurin da ake ɗaure ƙananan jiragen ruwa na sintiri. Da hantsi aka zo dubawa ba a same ka ba, sai bayan azahar ka dawo. Da yamma aka ce injin jirgi guda ya ɓace. Yanzu za su kai ka kotun soja kan laifi biyu, barin bakin aiki da sata. An tambaye ka ina ka je, ka ce ba ka da abin cewa.

Ba ka da abin cewa! Kai da Mama ke roƙo ka yi shiru mu ci abinci?

Na san ba ka saci komai ba. Kai ko ɓata hanya ka yi da injin nan a ka, sai ka koma ka tambayi mai shi. Amma alƙalan can ba su tashi gida ɗaya da kai ba. Dalhatu ya ce in aka kama ka da sata, kora ce da ɗauri. Ka tuna yadda Baba ya zaga unguwa da hotonka na fararen kaya, yana cewa ɗansa da bai taɓa ganin ruwan da ya fi na dam ɗin Dadin Kowa ba yanzu shi ne kan teku.

Ban gaya wa Baba da Mama ba tukuna. Na ce kana sintiri inda babu sabis. Ka san hawan jinin Baba. Ka rubuto mini inda ka je.

Ubangiji ya tsare.
Yayarka,
Dokas

*

Sansanin sojan ruwa
Watan Mayu

Yaya Dokas,

Na gaishe ki, da Baba da Mama da yara. Na ga takardarki, na gode.

Kada ki tayar da hankalinki. Ina cin abinci, sauro ne kawai. An ba ni lauya, wani hafsa mai suna Jerome, mutumin kirki ne. Sau uku ke nan ana fito da ni, in goge takalmi, in tsaya ƙame a rana, sannan a mayar da ni. Na farko shugaban kotun ya yi tafiya. Na biyu an sauya wa ɗaya daga cikin alƙalan wurin aiki, sai an rantsar da wani. Na uku kowa ya zo, sai aka ga an rubuta sunana Jessy, kamar na mace, aka ce sai an gyara kafin a karanta mini tuhuma.

Ban taɓa injin kowa ba. Na bar wurin gadi, wannan gaskiya ne, kuma zan amsa shi. Inda na je kuwa, Yaya, ki bar shi kawai. Ba wurin banza ba ne.

Ki ce wa Mama ina kewar miyar yakuwarta.

Ƙanenki,
Jesse

*

Madaki, Gombe

Jesse,

Na gaishe ka don dai haka aka koya mana.

Miyar yakuwa? Na tambaye ka magana guda, ka ba ni labarin sauro da takalmi. Na karanta takardarka a ɗakin malamai har wata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Ƙaryar sintiri ta ƙare. Mama ta ji a wurin matan zumunta, don uwar wani soja ta riga ni. Ta yini ba ta ci komai ba. Baba kuwa ya sa hula ya tafi wurin Kawu Lazarus, kai kuwa ka san Kawu. Tun da ya yi soja a zamanin da, ya ce shi ya san kan abin. Wai ka faɗi ka yi kamar aljanu sun kama ka. Da na ce a'a, sai ya ce zai haɗa dattawa su tafi can da rago su ga kwamanda. Da ƙyar na hana su, kada su ƙara maka laifi na uku.

Kowa a gidan nan yana wahala a kanka, kai kaɗai ne ke zaune kana ce mana ba wurin banza ba ne. Caca ce? Giya ce? Ko mene ne, faɗa mini, ni na san yadda zan shigar wa Baba da shi.

Dokas

*

Sansanin sojan ruwa
Watan Yuni

Zuwa ga Yaya Dokas,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata Baba da Mama suna lafiya. Idan kin bi ta Shamaki ki gaishe mini da su Inna.

Na zaɓi rubutu ne saboda duk lokacin da na kira ki, da girmamawa, ba na samun damar kai magana ƙarshe.

Jesse ya sa na yi alkawari, kuma yau zan karya shi, Allah ya yafe mini. Jiya lauya Jerome ya fito daga wurinsa yana jifa da hula. Ya ce in Jesse bai kawo shaidar inda ya je ba, shi ba shi da abin da zai riƙe a kotu.

Yaya, Jesse yana da mata. Sunanta Ebiere, 'yar wani ƙauyen masunta ce a bayan sansani, tana sayar da busasshen kifi. Bara suka yi aure a wata ƙaramar majami'a, ni na tsaya masa. Bai nemi izinin kwamanda ba, alhali a matsayinmu dole ne a nema. Bai gaya muku ba domin kullum yana cewa sai ya zo hutu ya faɗa wa Baba baki da baki, hutun kuma ba a ba shi ba.

Ranar Larabar nan tana da ciki wata bakwai. Jini ya ɓalle mata a bakin kasuwa, maƙwabciya ta kira shi. Ya nemi wanda zai tsaya masa bai samu ba, sai ya ruga ya ɗauke ta zuwa asibitin mishan. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da an rasa su duka biyun. Ta haifi mace, ƙarama sosai, amma tana raye.

Dalilin shirunsa shi ne, an taɓa kama wan Ebiere kan satar mai. Jesse yana ganin da zarar ya ambaci sunanta za a ce da danginta aka haɗa baki aka ɗauke injin, a je a kwashe mutanen ƙauyen, ita kuma a jawo ta da ɗanyen jego. Na ce masa wannan tunanin na mutum ne mai zuciya amma marar kai. Ya daina yi mini magana kwana biyu.

Ita ba ta san ya yi shiru saboda ita ba. Ya sa na ce mata ƙaramin horo ne. Lambarta tana ƙasan takardar nan. Ni dai na gaji.

Naki cikin ladabi,
Dalhatu

*

Madaki, Gombe

Jesse,

Ina gaisuwa, angon bara.

Na zama gwaggo wata biyu ban sani ba. Na zarge ka da caca, na zarge ka da giya, ashe kai aure ka yi ka ɓoye kamar wanda ya sayi akuyar sata.

Na kira ta. Ba ta jin Hausa, ni kuma Turancinsu na bakin ruwa yana yi mini sauri, amma mun fahimci juna. Da na gaya mata abin da ake tuhumarka da shi, sai ta ce, "Wato ni ce zan zauna ina shayar da 'yarsa, shi yana kurkuku saboda ya cece ni?" Ta ce ita ba ɓarauniya ba ce, ba ta tsoron kowane mai farin kaya. Ta kuma faɗi abubuwa game da kanka waɗanda na yarda da su duka.

Gobe za ta je wurin lauyanka tare da nas ɗin da ta karɓe ta. Ban nemi izininka ba, kamar yadda kai ma ba ka saba neman na kowa ba.

Wa ya ce maka ba wa mace kariya shi ne ka yanke mata hukunci ba ta sani ba? Da an ɗaure ka shekaru, wa zai riƙe su? Ka yi wannan lissafin kuwa?

Yayarka duk da haka,
Dokas

*

Sansanin sojan ruwa
Watan Agusta

Yaya Dokas,

Na gaishe ki. Na yi fushi da ke, na yi fushi da Dalhatu, har na rubuta miki wata takarda na yaga. Ga yadda aka ƙare.

An ƙara ɗage zama sau biyu, ɗaya saboda ruwa ya cinye hanya, ɗaya saboda babu tafinta. Ranar da aka zauna, Ebiere ta shigo da jaririya a baya. Rabona da ganin yarinyar tun tana cikin kwalba a asibiti. Ina tsaye ƙame, ba ni da ikon juya kai, ina jin kukanta a bayana.

Abin da nake tsoro ya faru. Mai gabatar da ƙara ya tashi ya tambaye ta, "Ba wanki ne aka kama da satar mai ba?" Ta ce, "Shi ne. Shi aka kama, ba ni ba. Ni ranar nan jini nake zubarwa, in kana so ga nas, ka tambaye ta ko da inji muka zo." Shugaban kotu ya ce ta amsa abin da aka tambaye ta kawai, amma na ga ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi.

Sannan lauya Jerome ya tambayi mai kula da kayan jirage yaushe ya ga injin da idonsa na ƙarshe. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce ranar Litinin. Yaya, Litinin! Wata huɗu ina kwana a siminti, babu wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Har yau ba a san wanda ya ɗauka ba.

An wanke ni daga sata. Barin bakin aiki na amsa, an cire mini igiya ɗaya daga muƙamina, an ce zaman da na yi ya isa horo. Maganar aure ba izini kuma kwamanda zai duba ta daban, Jerome ya ce gargaɗi ne mai yiwuwa. Shugaban kotu ya ce da na buɗe baki tun farko da ban ɓata wa hafsoshi biyar lokaci ba. Ni kuwa a sanina su suka yi ta tafiye-tafiye.

Ba a taɓa kowa a ƙauyen ba. Kin yi daidai, ni na yi kuskure. Kada ki sa a karanta wannan layin a gaban Kawu.

Saura Baba. Ba mu raɗa wa yarinyar suna ba, Ebiere ta ce sai kakanta ya faɗa. Don Allah ki shigar masa da maganar a hankali.

Ƙanenki,
Jesse

*

Madaki, Gombe

Jesse,

Mun gode wa Ubangiji.

Na gaya musu jiya bayan sujada, kuma ban yi a hankali ba, na gaji da a hankali. Mama ta yi guɗa, sannan ta yi kuka, sannan ta tambaya ko matar tana cin tuwo.

Baba kuwa ya ce in rubuta maka haka, kalma da kalma: kai kada ka zo tukuna, bai shirya ganin fuskarka ba. Amma ita da yarinyar su taho kafin Kirsimeti, ni zan je in ɗauko su. Sunan yarinyar Kande, sunan mahaifiyarsa.

Yau da safe na same shi a ɗakinka da bokitin fenti. Na ce ya bari a kira mai yi, ya ce in fita in ba shi wuri.

Yayarka,
Dokas