Kular Tabarau a Motar Shara

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara muku buɗi a inda kuke. Mu nan kowa ƙalau. Ƙafata ma ta yi sauƙi, har gudu na yi da ita makon jiya, kuma labarin gudun nan ne ya sa na ɗauki biro. Ka yi haƙuri da rubutun, na makarantar dare ne.

Ka san binciken da 'yarka Tabarau take yi a ɗakin gwaje-gwaje, wanda da shi za ta kammala karatunta. Ta taɓa zaunar da ni ta yi min bayani. Ta ce a cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai furotin da ke tsufa ko lalacewa, sai a liƙa masa wata 'yar alama mai suna yubikwitin don a kai shi a niƙe. Nata aikin a kan wani sinadari ne, enzayim, na biyu cikin guda uku da ke wannan aikin, mai karɓar alamar daga hannun na farko ya riƙe, har na uku ya nuna masa wanda za a liƙa wa. Na ce ashe aikina na sito ta gada, inda nake shafa wa lalataccen buhu jan fenti a fitar da shi. Ta ce sai dai nata ma'aikacin ba ya gyangyaɗi.

To, firizar wurin aikinsu ta lalace, malaminsu ya ce kowa ya nemi inda zai adana kayansa kafin a gyara. Ta kawo nata gida, 'yan kwalabe a wata ƙaramar kula cike da ƙanƙara, ta naɗe ta da jan salatif ta tura a firizarmu. A wurinta ja yana nufin kar a taɓa. Ta manta cewa a gidan nan, tun da na bar sito, duk abin da aka sa wa ja na shara ne. Da safe mahaifiyarka ta buɗe firiza ta ga ja, ba ta tambayi kowa ba ta miƙa wa masu kwashe shara, har tana yi musu sannu da aiki.

Da Tabarau ta ji, ko kuka ba ta yi ba. Zama ta yi daɓas a ƙasan kicin, ta ce in kwalaben suka yi ɗumi enzayim ɗin ya mutu, wahalar shekaru ta bi ruwa. Ɗana, ban san lokacin da na kai bakin titi da takalmi wari guda ba. Maƙwabcinmu tela ya goya ni a babur, muka dinga bin layi-layi muna tambaya, har muka cim ma motar sharar kusa da gidan mai. Ina leƙa bayanta na ga tarin shara, ban ga kular ba. Ashe direban ya ajiye kular kusa da kujerarsa bai buɗe ba. Ya ce gani ya yi sabuwa ce, zai riƙa sa ruwan sha.

Duk da haka hankali bai kwanta ba sai da aka gwada. Jiya ta kai ni wurin aikinsu, aka sa min farar riga kamar likita, ta nuna min wani hoto mai baƙaƙen layuka a jere kamar tsani. Ta ce kowace matakala alama ce da aka ɗora a kan wata, da enzayim ɗin ya mutu layi ɗaya tak za a gani a ƙasa. Na tsaya ina kallon tsanin nan baki buɗe, hawaye na zuba a kan rigar mutane.

Don Allah ka kira mahaifiyarka, ta ƙi kusantar firiza, abinci ma sai an matsa mata. Tabarau tana tsokanarta wai ita ce injin niƙan gidan, tana ganin alama sai aiki. Kular mun ba direban. Gwangwanin jan fentina ma na haɗa masa, na ce wannan kam ya jefa baya.

Ka gaida matarka da Autanku. Gwaggonka da tela suna gaishe ku.

Ni ne mahaifinka mai yi muku addu'a kullum.