Furen ya fi ƙarfin idona

Auta,

Na fita kina barci, zan je in kama layi a asibitin ido. Katunan nan goma sha biyu da kika buga wa hatimin fure jiya, na zauna in cika musu kala, na ɓata bakwai. Layin zanen furen sai ya rabu mini biyu, jan ya tsallaka cikin ganye. Na sa tabarau, na koma bakin taga, duk kanwar ja ce.

Ki yi haƙuri. Kada ki wahalar da kanki da gyara, takardar ta riga ta sha kalar. Ki buga sababbi.

Alƙaluman kalar na zuba miki a gwangwaninki, har da shuɗin nan da nake hana ki taɓawa. Ba sai kin dawo mini da su ba.

Mamanki